Duwatsun Ƙasar Zuru

Ƙasar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi. Daga arewa da gabas ta yi iyaka da ƙasar Zamfara, daga kudu da ƙasar Kwantagora, daga yamma kuwa da ƙasashen Yawuri da Gwandu. Gundumominta na asali biyar ne, watau Dabai, da Danko, da Fakai, da Sakaba, da Wasagu. Kabilun da ke cikinta suna da yawa, akwai Dakarkari, da Fakkawa, da Dukkawa, da Kambari, da Acifawa, da waɗansu, ga kuma Hausawa da Fulani da suka daɗe tare da su.

Matafiyin da ya fito daga Sakkwato ko Birnin Kebbi ya saba da ƙasa shimfiɗaɗɗiya. Amma da ya doshi Zuru sai ya ga ƙasa ta fara tashi, duwatsu sun jeru dama da hagu. Duwatsun nan ba su kai na Jos tsawo ba. Da yawa cikinsu mutum mai lafiya yana iya tashi bayan asuba ya hau, ya huta a bisa, ya sauko kafin azahar, ba igiya, ba tsani. To, amma wannan hawa da ya ke mai sauƙi ga wanda ya je shan iska, a zamanin da shi ne ya raba tsakanin ɗa da bawa. Wanda ya ke so ya gane tarihin mutanen Zuru sai ya fara da dutsensu, gama dutsen ne ya tsara musu inda za su zauna, da yadda za su yi noma, da yadda za su kare kansu.

Asalin Dutsen

Masana ilmin duwatsu sun raba ƙasar Arewa kashi biyu. Akwai inda tsohon dutse na gindin ƙasa ya fito fili, akwai kuma inda yashi da laka na baya suka rufe shi. Zuru tana cikin kashi na farko, Sakkwato tana cikin na biyu. A Kalambaina, kusa da Sakkwato, inda a ke haƙar farin dutse a yi siminti, a kan tarad da ɓawon halittun teku a cikin dutsen, domin wani teku ya taɓa kwanciya a wurin kamar shekara miliyan 60 da suka wuce. Dutsen Zuru kuwa ya girmi wannan nesa ba kusa ba.

Ga yadda masanan suka bayyana al'amarin. Da fari yashi da laka ne suka taru a ƙarƙashin ruwa, wani bisa wani. Da zamani ya yi tsawo sai suka nutse can cikin ƙasa. Kamar shekara miliyan 600 da suka wuce, manyan ɓangarorin doron ƙasa suka matsi juna, zafi da nauyi suka gasa yashin da lakar, kamar yadda mai ginin tukwane ta ke gasa yumɓu ya koma tukunya. Yashin ya zama farin dutse mai tsananin tauri, dangin ƙanƙara. Lakar kuwa ta zama dutse mai ɓawo-ɓawo, wanda in an buge shi sai ya rabu falle-falle, yana ƙyalli cikin rana. Wannan shimfiɗa ta gasasshen dutse masanan sun sa mata sunan Zuru, sun kuwa ce tsawonta ya kai kamar mil 175, faɗinta a inda ta fi faɗi kamar mil 25.

A wannan zamani kuma narkakken dutse ya taso daga ƙasa ya kutsa tsakaninsu, ya huce sannu a hankali, ya zama dutse mai ɗigo-ɗigo, irin wanda a ke sassaƙa dutsen niƙa da shi. Wani Bature mai suna Dokta J. D. Falconer, wanda ya zaga Arewa yana binciken ma'adinai tsakanin 1904 da 1909, ya buga littafinsa cikin 1911, shi ne ya bambanta irin wannan dutse kashi biyu, tsoho da sabo. Sabon shi ne na Jos, wanda kuza ke tare da shi. Na ƙasashen yamma, har da na wajen Zuru, tsohon ne. Da Gwamnati ta kafa ma'aikatar binciken duwatsu cikin 1919, shi aka ba shugabancinta.

Daga nan aikin ya koma hannun ruwan sama, da rana, da iska. Shekara da shekaru suna cin dutse mai taushi, suna barin mai tauri. Inda dutse mai ɓawo ya ke, nan ya zaizaye ya zama kwari da ƙasar noma. Inda farin dutse ya ke, nan ya tsaya ya zama dogon tsauni, shi ya sa tsaunukan suka fi miƙewa daga arewa zuwa kudu. Dutse mai ɗigo kuwa saɓa ya ke yi kamar albasa, yana tsagewa, gutsattsarinsa su dunƙule su hau kan juna, su bar koguna da lunguna a tsakani.

Hawa

Lokacin da ya fi kyau ga hawa shi ne bayan kaka, sa'ad da aka kawad da dawa, ciyawa ta bushe, hanya ta fito. Mai hawa ya kan fara ta cikin gonaki, inda kaɗanya da ɗorawa da tsamiya su ke tsaye, gama manomi ba ya sare itacen da ke ciyad da shi. Ƙasar gindin dutse ja ce, da tsakuwa da marmara. Jan nan kuwa tsatsar ƙarfe ce da ke cikin ƙasar. A nan a kan ta da zabin daji da fakara, kurege ya gilma da wutsiya a miƙe.

In an ɗan taɓa hawa sai itatuwan gona su ƙare, a shiga na dutse, irin su hano mai saɓar ɓawo, da marke, da ɓaure wanda ke cusa saiwarsa cikin tsaga har ya fasa dutse. A nan ne mai lura zai ga farin jijiya ta ƙanƙara ta ratsa baƙin dutse kamar zare cikin saƙi. A nan kuma, in da sauran sanyin safiya, za a ji kazar dutse tana kira, ta sheƙa cikin duwatsu da wutsiya a ɗage, gama ta fi son gudu da tashi.

Dabbar da ta fi kowa mallakar irin wannan wuri ita ce rema. Girmanta kamar na zomo, ba ta da wutsiyar kirki, tafin ƙafarta kuwa yana da taushi da danshi, shi ya sa ta ke hawan falalen dutse ba ta zamewa. Da hantsi su kan fito su jeru suna shan rana, ɗaya tana tsaro. Da ta hangi mikiya ko mutum sai ta yi ƙara, nan da nan kowa ya faɗa rami. Abin mamaki, masana sun duba haƙoranta da ƙafafunta sun ce cikin dabbobin tudu giwa ce danginta mafi kusa. Ban da rema akwai damo da guza, akwai beguwa wadda ba ta fitowa sai da dare, sai dai a tsinci ƙayarta a bakin kogo. Mai sa'a ya kan hangi jan biri, wanda ba shi da na biyu cikin birai wajen gudu a ƙasa, har ya kan wuce mil 30 a awa, ko kuwa ya ji haushin gwaggon biri daga wani tsauni. Maciji ma yana nan, saboda haka ba a sa hannu cikin tsagar da ido bai gani ba.

Da an kai bisa sai ƙasa ta buɗe. A ga gonaki da ƙauyuka, da layin korayen itatuwa inda rafi ya bi. A kan duwatsu da yawa kuma sai a ga wani abu da ba ruwa ko iska suka yi ba: duwatsu jere a kewaye inda ɗaki ko rumbu ya taɓa tsayawa, da ragowar ganuwar dutse, da gurbin niƙa da ya lotsa, da katangar tukwane warwatse. Wannan kufai ne. Tambayar da ke zuwa ga mai hankali ita ce, me ya sa mutane suka bar fili mai ruwa da ƙasar noma suka zo suka zauna a nan?

Zaman Kan Dutse

Dakarkari suna kiran kansu Lelna, harshensu kuwa C'lela. Sunan Dakarkari Hausawa ne suka ba su. Wata ruwaya ta ce daga kalmar dakaru ya fito, wai domin kakanninsu su ne mayaƙan ƙasa na Kanta, Sarkin Kabi, wanda ya yi zamani cikin ƙarni na 16 a birnin Surame. Ko ta yaya sunan ya samu, ƙasarsu tana tsakanin manyan dauloli, Kabi, da Zamfara, da Katsina, da Yawuri, kowace kuwa tana da barade, tana kuma bukatar bayi.

Matsin ya fi tsanani cikin ƙarni na 19. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya samu sarautar Sarkin Sudan cikin 1859, ya kafa Kwantagora, ya rasu cikin 1876. Ɗansa Ibrahim ya hau cikin 1880. A zamaninsu hare-hare suka yawaita a ƙasashen Kambari, da Dukkawa, da Dakarkari, da Gwari, garuruwa da yawa na fili suka watse.

To, ƙarfin mai hari doki ne, doki kuwa sarki ne a fili, amma a kan dutse ba shi da ta cewa. Barde in ya zo gindin tsauni tilas ya sauka, in ya sauka kuwa ya zama daidai da kowa, ga lifidi ya yi masa nauyi, ga hanya ƙunci sai mutum ɗaya ɗaya. Mutanen bisa suna ganinsa tun yana nesa, ƙurar dawaki ta riga ta ba da labari. Suna da baka da kibiya mai dafi, suna da duwatsun mirginawa, mata da yara kuma suna da koguna. Dutsen da ruwa ya kasa cinyewa, shi ne mahara suka kasa hawa. Haka Acifawa suka riƙe dutsen Karishen a ƙasar Sakaba, inda mazaunin sarkinsu na gargajiya ya ke.

Amma fa zaman ba na jin daɗi ba ne. Ruwa yana gindin dutse, inda ya ke tsattsafowa daga tsaga, mata su ke ɗauko shi a hau da shi kullum. Gonakin kirki suna ƙasa, mai zuwa gona kuwa yana iya tafiya bai komo ba. Saboda haka noma ya zama aikin taro, ga fartanya a hannu, ga kwari da baka a kusa. Al'adar golmo ta dace da irin wannan zama. Saurayi, bayan ya yi zamaninsa na kokawa, ya kan shiga ƙungiyar tsaransa su yi ta noma a gonar surukai har shekara bakwai kafin a ba shi mata. Wanda ya fito daga golmo ya san wahala, ya san biyayya ga shugaba, ya kuma san ba a barin ɗan'uwa a baya. In an kawad da amfanin gona sai a yi bikin Uhola, a gode, a yi murna da sabuwar shekara.

Ƙasar da dutsen ya haifar ita ce kuma ta ba su abin tunawa da matattu. Matan waɗansu gidaje su kan gina siffofi na yumɓu, na mutane da na dabbobi, a gasa, a ɗora bisa kabarin babban mutum, kamar sarki, ko maharbi, ko gwanin noma, ko gwanin kokawa. Turawa sun yi rubutu a kan al'adun nan: P. G. Harris cikin 1938, da R. T. D. Fitzgerald cikin 1944.

Saukowa

Cikin watan Janairu na 1901 sojan Turawa suka ci Kwantagora. A shekarar nan aka yi shelar hana kamun bayi, aka ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu, 1901, ɗa ne. Cikin 1936 aka soke bauta ɗungum a Arewa. Da hari ya ƙare, dalilin zaman kan dutse ya ƙare. Mahukunta ma sun fi son mutane su sauko, domin ƙidaya da haraji da aikin hanya sun fi sauƙi a fili. Ba rana ɗaya aka sauko ba. Samari suka fara yin bukkoki a gona, bukkoki suka zama gidaje, tsofaffi suka zauna a bisa tare da kaburbura da wuraren tsafi, har su ma suka ƙare. Garin Zuru ya zama mazaunin Di'o, aka haɗa sarakunan nan biyar ƙarƙashin En'e guda. Cikin 1976 aka cire Zuru daga tsohon Lardin Neja aka sa ta cikin Jihar Sakkwato, cikin 1991 kuma ta shiga sabuwar Jihar Kebbi.

Halin da dutse da golmo suka gina bai ɓace ba, sai ya sami wata hanya. Mutanen Zuru suka shiga aikin soja da yawa tun zamanin Turawa, har suka yi suna a kansa. Daga cikin 'ya'yan ƙasar akwai Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci sojan ƙasa na Nijeriya daga 1996 zuwa 1999, da Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi Gwamnan Bauci daga 1984 zuwa 1985, daga baya ya zama Sarkin Zuru har rasuwarsa cikin 2025.

Namun Daji, Da da Yanzu

Zaman lafiyar da ya amfani mutane bai amfani namun daji ba. Muddin mutane suna takure a kan dutse, filin da ke tsakanin garuruwa daji ne, na ɓauna, da gwanki, da gadu, da kura, da damisa. Da mutane suka sauko, daji ya zama gona, bindiga ta yawaita, gatari da gawayi suka bi bayanta. Sai al'amarin ya juye: mutane suka gaji fili, ragowar namun daji suka gaji dutse. Abin da mai hawa ke gani yau, rema da biri da kazar dutse, su ne 'yan gudun hijirar da suka tare a kufan mutane.

Gwamnati ta yi dokar kiyaye namun daji cikin 1916, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata cikin 1963. An keɓe dajin Yankari cikin 1956, daga baya aka keɓe na Borgu da na Zugurma, waɗanda aka haɗa suka zama gandun Kainji. Amma tun kafin dokar takarda akwai ta gargajiya. A Zuru akwai wurin da a ke kira Girmace, kurmi ne mai ruwa, da kadoji a ciki, waɗanda al'ada ta hana a taɓa. Mutum ko bai bi wannan al'ada ba, ya ga abin da ta nuna: inda jama'a suka haɗa baki suka ce kada a taɓa, abin ya kan wanzu ko ba ɗan sanda.

Abin da Ya Rage

Abubuwa uku ke neman cinye abin da ke kan duwatsun nan. Na fari masu sayen kayan tarihi. Siffofin kaburburan Dakarkari da yawa yanzu suna gidajen ajiya da hannun 'yan kasuwa a ƙasashen waje, ko da ya ke tun 1953 akwai dokar da ta hana fitad da irinsu ba da izini ba. Siffar da aka ɗauke daga kabarinta ta rabu da labarinta, ba mai iya faɗin ko ta wane ce.

Na biyu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba. Farin jijiyan nan da ke ratsa dutse, a cikin irinsa a ke samun zinariya a Anka, da Birnin Gwari, da ƙasar Yawuri. Cikin 2010 aka gane cewa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maƙwabtan Zuru, dutsen da a ke niƙawa cikin gidaje domin neman zinariya yana ɗauke da gubar dalma, yara fiye da 400 suka mutu. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai a shafa wa naka ruwa.

Na uku shi ne mafi zafi, watau komowar hari. A shekarun baya-bayan nan 'yan bindiga bisa babura sun addabi sassan ƙasar, musamman Danko, da Wasagu, da Sakaba. Cikin watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a wani kwanto a ƙasar Sakaba. Mutanen ƙauyuka da yawa sun bar gonakinsu. Kakanninsu sun gudu sama, su kuwa sun gudu cikin gari, gama dutsen da ya tare doki da mashi ba ya tare harsashi. Garkuwar wannan zamani sai hukuma mai adalci da haɗin kan jama'a.

Saboda haka wanda ya yi niyyar hawa, kada ya tafi da ka. Ya fara zuwa wurin mai gari ya nemi izini, ya tambayi lafiyar hanya, a haɗa shi da ɗan gari wanda ya san inda a ke takawa da inda al'ada ta hana. Ya ɗauki ruwa da sanda, ya bar bindiga da ashana a gida. In ya ga katangar tukunya ya duba ya mayar inda ta ke. Malaman makaranta, da ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru cikin 2020, suna da aiki a nan, su zauna da tsofaffi su rubuta sunan kowane kufai da na mutanen da suka zauna cikinsa, tun masu sanin suna da rai. Dutsen ya yi shekaru miliyoyi, zai kuwa daɗe bayan kowa, amma labarin da ke kansa a bakin tsofaffi ya ke, tsoho kuwa ba ya jiran a shirya.

Allah ya zaunad da ƙasar Zuru lafiya, ya mai da kowa gonarsa, amin.